Dafewar haƙori da yadda ake ƙara mishi haske: ku bi wannan jerin kafin ku kashe kuɗinku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan sallah tambaya ɗaya ce take ta dawo min, Anti me zan sa haƙorina yayi fari, Anti biki saura sati uku, Anti wai da gaske gawayi da lemon tsami yana yi? Aikina kenan wankin haƙori a nan Kaduna, kuma wallahi abinda yake damuna shine yawancin masu zuwa wajenmu sai sun riga sun yi ma haƙorin illa sannan suke zuwa, alhalin da sun zo tun farko wanki ɗaya ya ishe su. Toh ga shi nan na jera, dan Allah a bi shi a yadda yake, kar a tsallake zuwa mataki na biyar don shi ne mai daɗin karantawa.

1. Fara gane wace irin dafewa ce

Ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida da rana, ba hasken ƙwan ɗaki ba, ki goge haƙoran da tishu su ɗan bushe sannan ki duba. Dafewa iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya bane.

Akwai wadda take zaune a saman haƙori. Ita ce ta goro, shayi, Nescafe, zoɓo, sigari, taba gari, shisha, da furen da iyayenmu mata suke gogawa. Zaki ganta tafi taruwa a gindin haƙori kusa da dasashi, da tsakanin haƙora, da bayan haƙoran ƙasa na gaba, in kika sa harshe zaki ji wajen da kaushi kaushi. Maganin ƙarin jini na ruwa shima yana baƙanta haƙori haka, da ruwan kurkure baki mai kulorheksidin in aka daɗe ana amfani dashi. Wannan kala ita ce mafi yawa a cikin mutanen da nake gani, kuma ita ce mai sauƙi, bata buƙatar bilicin, wato sa ma haƙori maganin ƙara fari, ko kaɗan.

Sai wadda take cikin jikin haƙorin. Ita kuma ko kwana kika yi kina dirza bazata fita ba. In kinga fari fari kamar alli a jikin haƙoran, wani wajen har da ɗigon ruwan ƙasa, kuma tun kina ƙarama haka suka fito, yawanci wani sinadari ne da ake kira fuloraid yayi yawa a ruwan da kika sha lokacin da haƙoran suke ginuwa, wato kafin shekara 8. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, amma akwai rijiyoyi da bohol da suka wuce haka, wanda ya taso wajen Langtang ko Kaltungo ya san wannan haƙorin sosai. In kuma layi layi ne ruwan toka ko ruwan ƙasa ya ratsa haƙoran a kwance, toh sau da yawa kafson nan ne ja da yalo, tetirasaikilin, da aka ba yaro yana ƙarami ko uwar ta sha da ciki. In haƙori ɗaya ne tak ya canza kala ya bar 'yan uwansa, tuna baya, ko kin taɓa faɗuwa ko wani abu ya buge shi, sau da yawa jijiyar ciki ce ta mutu. Sannan akwai na shekaru, mutum yana girma haƙori yana ƙara yalo, wannan halitta ce.

Gargaɗi: baƙin ɗigo da abinci yake maƙalewa a ciki, ko yake miki zugi in kin sha sanyi ko zaƙi, wannan kogo ne ya fara. Ciko yake buƙata. In kika zuba mishi maganin bilicin zaki ji a jikinki.

2. Ajiye gawayi, lemon tsami da su bekin soda

Nan ne zan ɗan daɗe don nan ake cutuwa. Haƙori yana da farin ɓawo a waje, inamel, shi ne abu mafi ƙarfi a jikin ɗan adam, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashi mai ruwan ɗorawa da ake kira dentin. Shi wannan ɓawon in ya cinye baya tsirowa, ba kamar farce ko gashi bane. Lemon tsami da binega suna narkar dashi, gawayi da toka da gishiri mai tsakuwa da garin bulo suna kankare shi, in aka haɗa tsami da kankara kamar yadda ake ta koyarwa a TikTok toh an haɗa mishi biyu kenan. Satin farko zaki ga haske kiji daɗi saboda dattin sama ya tafi, bayan wata biyu uku ɓawon yayi siriri, yalon ciki ya fara lekowa, sai ki ƙara ƙaimi wajen dirza don kina ganin dafewa ce ta dawo, haka ake ta tafiya har ruwan randa ya gagare ki sha.

Akwai wata yarinya da mamanta ta kawo min daga Rigasa, bata fi shekara ashirin ba, gefen haƙoran gabanta har sun zama kamar gilashi ana hango duhun baki ta ciki. Wata huɗu tayi tana matsa lemon tsami a soda safe da dare. Mamanta tace min, "'Yar nan ki taimaka ki wanke mata su dawo." Nace Mama wannan ba datti bane balle in wanke, jikin haƙorin ne ya tafi, sai dai likita ya rufe mata da ciko. Ranar na koma gida raina a jagule.

Haka ruwan haidirojin na kemis da ake wanke ciwo dashi, kar a riƙa kurkure baki dashi don neman fari, yana ƙona dasashi. Kanwa da alimun suma a bar su a kicin.

3. Je a wanke miki a asibiti tukunna

Ko wace hanya zaki bi daga baya, wannan ita ce ƙofa. Sunan aikin sikelin da folishin, in kika ce wankin haƙori ma za a gane. Akwai sashen haƙori a Barau Dikko, akwai a asibitin sojoji na 44, na kusa da Zariya ga Shika, ga kuma asibitocin kuɗi cikin gari. Na gwamnati yafi sauƙin kuɗi sosai amma ki fita da sassafe ki shirya ma layi, kuma akwai kuɗin kati daban da kuɗin aikin. Na kuɗi zaki biya ninki amma za a baki lokaci ki zo ki tafi. Kafin ki hau kujera ki tambaya, kuɗin nan da aka faɗa ya haɗa da ganin likita da folishin ko sikelin ne kawai, don kar a gama ki ji wani lissafi.

Yadda ake yi, akwai wani ɗan ƙarfe mai karkarwa yana fesa ruwa, shi yake farfasa dattin da ya daskare ya zama kamar dutse, sannan a bi da ɗan burushi mai juyawa da wani makilin na musamman a goge. Minti talatin zuwa awa ɗaya an gama. Mai goro na shekara da shekaru wani lokaci sai ya dawo zama na biyu.

Mutane suna tsoro wai wanki yana buɗe tsakanin haƙora ko yana sa su girgiɗi. Ba haka bane. Gurbin da kike ji da harshe bayan wanki dama can yana nan, dutsen datti ne ya cike shi yana cin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin a hankali. Ɗan jini da jin sanyi na kwana biyu uku ba komai bane.

Gargaɗi: in kina da ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ko kina shan maganin tsinka jini, ko kina da ciki, ki faɗa kafin a fara. Kuma ki duba da idonki kayan aikin daga cikin leda ko tukunyar turara kaya aka fito dasu.

Bayan wanki ki ba kanki sati biyu kina kallon madubi. Wallahi da yawa a nan suke tsayawa, sai kaji mutum yace ashe haƙorina fari ne.

4. Tsare su kar su sake dafewa

Burushi sau biyu, da safe da kuma daren kafin kwanciya, minti biyu cikakku, na daren yafi muhimmanci don miyau yana raguwa in ana barci. Ki sayi burushi mai laushi, wannan mai taurin da ake cewa na masu shan sigari yana cin gindin haƙori ne kawai. A canza shi duk wata uku. Makilin kuma ki juya bayan kwalin ki ga fuloraid 1,350 zuwa 1,500 ppm (na makilin kare haƙori yake yi, haɗiye shi da yawa a ƙuruciya ne ke ɓata haƙori) da lambar NAFDAC, in kin gama ki tofar kawai kar ki bi da ruwa ki wanke maganin. Tsakanin haƙora zaren sakace ake sawa sau ɗaya a rana, tsinke da ashana da allura suna raunata dasashi.

Asuwaki yana da kyau ƙwarai kuma sunna ce, ni kaina bana rabuwa dashi musamman da azumi da lokacin hunturu da baki yake bushewa. A tauna bakin yayi laushi sosai, a riƙa gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori ba dirzawa a kwance da ƙarfi ba, a yanke kan in ya tsufa. Sai dai baya kaiwa bayan turame yadda ya kamata, don haka a haɗa shi da burushi.

Maganar goro da shayi, ba zan ce ma dattijo ya bar goro ba don na san ba ji zai yi ba. Abinda yake dafar da haƙori shine daɗewar abin a baki. Baba in ka ci goronka ka gama ka tofar da tuƙar ka kurkure da ruwa, kar a ajiye ta a kumatu daga azahar har la'asar. Samarin majalisa masu shayin Buzaye zagaye uku, ga ganye mai kauri ga suga, ku ajiye ruwa kusa kuna kurkurewa bayan kowane kofi. Zoɓo da lemon kwalba a sha da sitiro kuma a shanye a zama ɗaya, ba a yi ta kurɓa awa biyu ba.

Gargaɗi: bayan zoɓo, tsamiya, lemo, ko amai ga masu laulayi, kar a sa burushi nan take, tsamin ya tausasa ɓawon, a kurkure da ruwa a jira kamar minti talatin zuwa awa ɗaya.

Sigari da shisha da taba gari kam babu dabara, in dai ana sha dafewar zata dawo cikin 'yan watanni ko nawa aka kashe.

Iyaye mata, naku ne wannan. Kar a sayi ja da yalo a kemis a buɗe a zuba ma yaro don gudawa, kuma mai ciki kar ta sha, tabon da yake bari na har abada ne. Yaron da bai kai shekara 3 ba makilin kamar ƙwayar shinkafa ake sa mishi, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, a tsaya a kanshi ya tofar kar ya haɗiye. In kin lura yaran unguwarku da yawa haƙoransu suna fitowa da farin alli, a kai ruwan bohol ɗin a auna, kuma ki sani tafasa ruwa baya cire fuloraid. Maganin ƙarin jini na ruwa a ɗiga shi can cikin baki a bi da ruwa.

5. Zaɓen hanyar ƙara haske

In an wanke, babu kogo, dasashi lafiya lau, kuma har yanzu kina son ƙarin haske, toh ga abinda ke akwai daga mai araha zuwa mai tsada.

Makilin da aka rubuta yana sa fari. Dattin sama kawai yake cirewa, baya canza asalin kalar haƙori. Yana da amfani ga mai shan shayi bayan an yi wanki. Shi kuma wannan mai kalar fafal da ake talla, rini ne yake rufe yalon na ɗan lokaci, kina shan ruwa ya tafi.

Sitirif, wato 'yan ledojin da ake mannawa a haƙori. Na gaskiya suna aiki kaɗan kaɗan akan yalo mara yawa, amma in haƙoranki ba a jere suke ba hasken zai fito dabbare dabbare. Matsalar kasuwarmu jabu, in babu sunan sinadarin da adadinsa a jiki, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ki ajiye musu kayansu ko a wane babban shago ne. Don ki gane girman abin, a Ingila da ƙasashen Turai doka bata yarda a sayar ma mutum kai tsaye da abinda ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari na haidirojin feroksaid ba, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi ma wanda bai kai 18 ba. Mu kuma nan a Instagram ake turo ma mutum kwalba babu ko rubutu.

Tire na likita da ake sawa a gida. Ni wannan nake fara nuna ma mutane. Ana auna bakinki a yi miki roba daidai haƙoranki, a baki jel, yawanci kabamaid feroksaid kashi 10, wanda ƙarfinsa yake daidai da haidirojin kashi 3 da rabi. A hankali yake aiki, sati biyu zuwa huɗu, amma haskensa yana zama, kuma tiren naki ne, bayan shekara in kina son ƙari jel kawai zaki saya.

Bilicin akan kujerar likita. Jel mai ƙarfi sosai ake sawa, shi yasa sai an rufe dasashi da wani abin kariya tukunna, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi an gama. Yafi tire tsada, yafi sa zugi, kuma wani ɓangare na farin da zaki gani ranar bushewa ce, bayan kwana kaɗan zai ɗan sauka, kar ki ce an cuce ki. Shuɗiyar fitilar da ake haskawa ba ita ke aikin ba, jel ɗin ne, don haka kar a caje ki kuɗi mai yawa saboda fitila.

Masu farin alli na fuloraid, likita yana iya ɗan goge saman da wani magani ko ya shigar da wani abin ciko mai ruwa ruwa da ake kira rizin cikin tabon, wani lokacin a haɗa da bilicin. Na ja da yalo yana da taurin kai, tire na iya ɗaukar watanni kuma ba lallai ya fita duka ba. Haƙori ɗaya da ya mutu sai an fara yi mishi aikin jijiya sannan a sa maganin ta cikinsa. In duk basu yi ba sai biniya, wato a manna ma haƙorin sabuwar fuska, ita kuma kowane haƙori kuɗinsa daban, in aka faɗa miki farashi ki ninka sau shida ko takwas, yawan haƙoran gaba da ake yi ma kenan, kuma ta tangaran yawanci sai an ɗan kankare haƙorin, babu komawa baya.

Gargaɗi: bilicin baya canza kalar ciko, hular haƙori, haƙorin roba ko haƙorin Makka. In kina da ciko a gaba zai fito fili bayan sauran sunyi haske, ki sa kuɗin canza shi cikin lissafi. Mai ciki da mai shayarwa su jira. Sannan dan Allah gidan gyaran jiki da shagon kwalliya ba wajen bilicin ɗin haƙori bane, ki bari suyi miki dilka da halawa da lalle, baki kuma na wanda yake da rajistar MDCN ne, wato hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, ko hukumar masu aikin haƙori, kuma kina da haƙƙin ki tambaya. Na ga dasashin da ya ƙone yayi fari fat saura kwana biyu kamu.

6. Yadda ake amfani da tire a gida

Sati biyu kafin ki fara, ki koma makilin na masu jin sanyin haƙori irin Sensodyne. Ki ɗauki hoton haƙoranki da rana don ido yana mantawa.

Da dare ki goge baki ki sa zare, ki tabbata tiren a bushe yake. Ki ɗiga jel ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a gurbin kowane haƙori ta ɓangaren gaba, na haƙoran da suke fitowa in kinyi murmushi kawai. Ki sa ki danna a hankali, wanda ya tsatso kan dasashi ki share da tishu ko auduga. Ki barshi iya awannin da likita ya faɗa miki. In kin cire ki kurkure baki, ki wanke tiren da ruwan sanyi, ruwan zafi yana lanƙwasa shi ya daina zama. Jel ɗin a ajiye shi a firij ko waje mai sanyi, zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu yana kashe mishi ƙarfi.

Kuskuren da aka fi yi shine cika jel da ƙara awanni don a yi sauri. Baya ƙara fari, dasashi kawai yake ci. In zugi ya dame ki ki huta kwana ɗaya ko biyu, kina iya sa ɗan makilin ɗin a cikin tiren ki saka na minti goma zuwa ashirin. In haƙori ɗaya ne yake miki ciwo mai hana barci, ki tsaya ki koma asibiti. Kuma ki san inda zaki tsaya, in haƙori ya fi farin idonki haske ya fara zama kamar na roba.

7. Bayan an gama, da lissafin amare

Kwana biyun farko ki kauce ma duk abinda zai ɓata farin mayafi, shayi, zoɓo, goro, miyar manja, kori da kurkur, jan baki ma a ɗan haƙura. Hasken yana kaiwa daga 'yan watanni zuwa kamar shekara uku, ya danganta da abinda kike ci da sha, sai ki riƙa zuwa wanki duk wata shida ko yadda aka ce miki. In za a canza ciko na gaba a jira sati biyu bayan bilicin, kalar ta zauna kuma cikon yafi kamawa.

Amare da angwaye ga lissafinku. In biki saura wata biyu, wanki a satin farko, in akwai kogo a cike, sati na uku a fara tire, a gama saura sati uku, a jira sati biyu a canza cikon gaba in akwai. In saura wata ɗaya, wanki yanzu, bilicin na kujera bayan sati ɗaya ko biyu in likita ya duba yace dasashin ya kwanta. In kuma saura sati ɗaya ne ƙanwata, kije ayi miki sikelin da folishin kawai, ki ajiye maganar bilicin sai bayan kin tare.